Gem Ɗin Da Ke Yi Wa Babana Waƙa

Babana ba mawaƙi ba ne, duk wanda ya taɓa jin muryarsa zai yi mini shaida. Amma yana da wata waƙa guda ɗaya, marar kalmomi, wadda yake yi da hanci, bakinsa a rufe. Yana yin ta in yana wanke babur, yana yin ta in yana gyara igiyar shanya, har in yana neman hularsa alhali tana kansa. Mun tashi mun tarar da ita a gidanmu na Kazaure kamar yadda muka tarar da darbejiyar tsakar gida. In baƙo ya yi kuskuren tambayarsa inda ya samo ta, to abin nema ya samu, sai ya gyara zama.

Labarin ba ya canzawa. A shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kakana Haladu, ɗan kasuwa mai yawan shiga Nijar, ya kawo gem na farko garin Babura. Talabijin ɗin a Magarya ya sayo shi da sefa, na'urar gem ɗin kuma a Kano. Wani mai gyaran rediyo ya haɗa masa su da batirin mota, aka ɗora a kan tebur a zauren gidan, aka jingina da bango. Kaset ɗaya ne, rubutun jikinsa ba wanda ya iya karantawa, don haka yara suka raɗa masa suna Ɗan Aike. Wani ɗan mutum ne da kaya a ka, yana gudu kamar an aike shi kasuwa an tofa yawu a ƙasa, yana tsallake ramuka da duwatsu masu gangarowa.

A nan ne Baba ke ɗaga yatsa ya ce gem ɗin nan ba kowa yake yi wa waƙa ba, sai gwani. Kowa ya karɓi hannun gem ɗin, shiru kake ji. Amma da zarar shi, Sabiru, ya karɓa, sai waƙa ta taso daga cikin talabijin, da wani kiɗa mai nauyi a ƙarƙashinta, dum, dum, wanda in ka bi shi ka yi tsalle ba za ka faɗa rami ba. Mu dai mukan ce to, domin ba a yi wa uba musu a kan jarumtarsa.

Akwai wani labarin da ba ya gyara zama kafin ya ba da shi. Baba ɗan fari ne. Tun daga yaye aka kawo shi Kazaure wurin kawunsa, a nan ya yi makaranta, sai hutu yake zuwa Babura. Mahaifiyarsa Rahamatu, wadda yake kira Adda kamar yadda ƙannenta ke kiranta, mace ce mai tsananin kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. In ya gaishe ta, takan amsa tana kallon murhu. In za ta ba shi abinci, sai ta ce a miƙa wa yaron Kazaure. Ta rasu kafin a haife ni. Wata rana na ji yana ce wa Mama ya san al'ada ce, ba ya zarginta, amma har ta bar duniya bai san ko tana murna da zuwansa hutu ba. Shi ya sa ni, da nake 'yar farinsa, yake kiran sunana tun daga bakin ƙofa, Shahida, Shahida, har tsofaffin unguwa suna cewa Malam Sabiru ba shi da ta ido.

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, Matasan Gindin Dutse, ba ta da ofis, ba ta da mota. Abin da take da shi fiyano ɗaya ne da surutu mai yawa. Bana muka yanke shawarar yin wasa mai waƙoƙi a kan tarihin wasannin yara a ƙasarmu, muka sa masa suna Daga Langa Zuwa Waya. Za mu fara da langa da 'yar gala-gala da darar tsofaffi, mu zo kan gem na farko, mu wuce ta kan 'yar na'urar nan mai batir da ake ɓoyewa a ƙarƙashin benci a aji, mu bi ta gidajen gem na ƙwallo da suka sha raba yara da makarantar Islamiyya, mu ƙare a wayar hannu. Kowane zamani da waƙarsa, kuma ni ke rubuta su. Ta tsakiya ce kaɗai ban wahala ba, tunda ga ta a gida ana ba ni kyauta kullum safe. Da na gaya wa Baba, sai da ya yi kwana biyu yana murmushi shi kaɗai.

Matsalar daga Musaddiƙ ta fito. Shi ne mai buga mana fiyano, ɗan Roni, yana karatun lantarki, kuma irin mutanen nan ne da in ka ce musu ruwa ya yi sanyi sai sun sa yatsa. Ya ce ba zai ɗora kiɗa a kan gunjin hanci ba, yana son jin ainihin sautin daga na'urar. Baba ya yi wa ƙaninsa, Baffa Muhammadu Lawal, waya a Babura. Aka tono na'urar daga ƙasan wani tsohon akwati, aka aiko da ita cikin buhu. Musaddiƙ ya kwance ta, ya goge, ya sauya waya, ranar Asabar da hantsi ya zo ya haɗa ta da talabijin ɗin falonmu. Da ta ƙi kamawa, Baba ya karɓi kaset ɗin ya hura masa iska ta ƙasa, ya mayar. Nan take ta kama, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya don mu shaida.

Abu na farko da ya ba shi mamaki shi ne launi. Ashe rigar Ɗan Aike ruwan ɗorawa ce, shi kuwa a baƙi da fari ya san shi. Abu na biyu sauti ne. Tun kafin kowa ya taɓa komai, wani ɗan kiɗa ya cika falon, cui-cui, kamar an rufe 'yan tsaki a cikin kwano. Ba ya kama da waƙar Baba ko ta ina. Ba nauyi, ba dum, kuma bai jira gwani ba, domin ƙanina ma da ya danna ya yi masa.

Baba ya karɓi hannun gem ɗin. Ya faɗa ramin farko. Ya sake, ya faɗa na biyu. Ƙannena suka bushe da dariya, ni ma wallahi na ɗan yi. Musaddiƙ, da bai san inda ake tsayawa ba, ya ce wataƙila a rediyo Baba ya ji waccan waƙar tun yana yaro, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su, ai hakan na faruwa. Baba ya ajiye hannun gem ɗin a kan tabarma, ya ce wataƙila. Bayan kowa ya watse ya kira ni.

“Shahida, ki cire waƙar nan daga wasanku. Kada a je a yi mini dariya a gaban mutane.”

Washegari ya wanke babur, ba abin da muka ji sai ƙarar ruwa a bokiti. Haka jibi, haka gata. Ban taɓa sanin gidanmu yana da shiru irin wannan ba. Na ji haushin Musaddiƙ, na ji haushin kaina da na yi dariya, amma abin da ya fi damuna tambaya ce. Mutum ba ya ɗaukar waƙa fiye da shekara talatin daga babu. Wani ne ya yi ta, kuma ina son in san ko wane ne, ko Baba zai daina kallon kansa a matsayin wanda ya yi ta yi wa 'ya'yansa ƙarya.

Na fara da Baba Mamuda, abokinsa na yarinta daga Babura, wanda yanzu yake sayar da kayan babur a kasuwar Kazaure. Bayan gaisuwa na tambaye shi ko yana tuna waƙar gem ɗin gidan Haladu. Ban rera masa komai ba. Ya rufe ido, ya fara da hanci, tiryan-tiryan irin ta Baba, yana buga teburinsa da tafin hannu a daidai wuraren dum ɗin. Da ya gama sai tsohon haushi ya taso masa. Ya ce na'urar nan tana da son kai, domin akwai ranar da ya wuce inda Sabiru ke kaiwa, har ya haye gada, amma ko tari ba ta yi masa ba. Ya ƙara da cewa in hutu ya ƙare Sabiru ya koma Kazaure, sai ta yi gum har wani hutun. Su a lokacin cewa suke fushi take yi.

Ya ba ni lambar wani abokinsu, Malam Sama'ilu, da ke koyarwa a Roni. Shi ma ta waya ya rera mini ita, bai kauce ko kaɗan ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Na koma wurin Musaddiƙ na zayyana masa. Ya tambaye ni a ina na ce an sayo talabijin ɗin. Da na ce Magarya sai ya dafe kai. Ya ce talabijin ɗin Nijar na wancan lokaci a kan tsarin Faransa aka yi su, namu kuma daban. In ka haɗa na'urar Kano da irinsu, hoto zai fito, amma ba launi, ba sauti. Wato talabijin ɗin kakana bai taɓa cewa uffan ba tun daga ranar da aka kunna shi.

Maimakon abin ya warware sai ya ƙara cukurkuɗewa. Ga dattawa uku masu hankali sun ji waƙa ɗaya daga akwatin da ba ya magana. Bahijja, 'yar Gwiwa da ke jagorantar 'yan amshinmu, ta ce ita dai a bar maganar, zauren da ya daɗe ba a rasa masu shi. Na ce mata aljanin da ya san ranar da ake ba da hutun makaranta, ina son mu gaisa.

Ranar Laraba na shiga motar Babura. A gidan kakana yanzu Baffa ne da iyalinsa, sai Inna Tasalla, ƙanwar Adda, wadda a hannun Addar ta tashi, ta kuma dawo gidan bayan rasuwar mijinta. Zauren na same shi cike da buhunan gero har kusan rufi, da ƙyar mutum ke raɓawa ya wuce. Inna Tasalla tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Da ta gan ni ta ce ga 'yar dirama, ko an zo ɗaukarta ne a sa ta a fim ta fito a amarya. Na ce ango ne ya gagara samuwa. Muka gaisa, na sha ruwa, na ja faranti ina taya ta. Ban san ta inda zan ɓullo wa tambayar ba, don haka kawai na fara waƙar da hanci, kamar ba da gangan ba.

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. Ta ɗago ta dube ni.

“Wa ya koya miki wannan?”

Na ce Baba, kuma shi ya ce a talabijin ya ji ta. Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba, ta kakkaɓe zaninta, ta ce in biyo ta. Ta kai ni wani lungu tsakanin madafa da bayan zaure, inda yanzu ake jingine tsofaffin kwanuka. Ta nuna mini ƙasa. Akwai wani ɗan kwarmi zagayayye da ya shafe, irin wanda gindin turmi ke bari in ya shekara a wuri ɗaya. Sannan ta nuna bango. A daidai kafaɗar mutum akwai 'yar taga da ba ta fi tafin hannu biyu ba, an cusa mata tsumma. Ta ce ta nan wayar batir ke bi, domin Haladu a cikin gida yake ajiye batirin kada yara su taɓa. Teburin talabijin yana ɗaya gefen, a jikin tagar.

Daga nan ta ba ni labari, tana yi tana kallon kwarmin. Ta ce hutun da aka kawo gem, yaron Kazaure ya zo ya tarar 'yan Babura sun riga shi iyawa. Duk sanda ya karɓa sai ya faɗi, su yi ta yi masa ele, suna cewa boko bai hana faɗawa rami ba. Adda tana jiyo su daga madafa. Ba za ta iya fita ba, ba za ta iya tambaya ba, sai ta aiki Tasalla ta leƙa wai ta gano ko akuya ta shiga zaure. Tasalla ta dawo ta ce ba akuya, amma wani yana can ya cika fam, saura kaɗan ya yi kuka. Da gari ya waye, turmin da ke gindin bishiya tun zuwan Adda gidan, ita kaɗai ta mirgino shi zuwa wannan lungu, ta ce rana ce ta dame ta a can.

Tun daga ranar, da zarar ta ji yara sun ce Sabiru karɓi, sai ta ɗauki taɓarya. Tana daka tana waƙar da hanci, domin in ta buɗe baki za a gane muryarta. In ya miƙa wa wani, ta jingine taɓarya ta koma aikinta. Na ce amma Inna, yaya za a yi yara su kasa bambance daka da kiɗan talabijin? Ta ce yaran da ba su taɓa ganin mutum yana gudu a cikin akwati ba, ko kukan jaki ne ya fito ta wannan tagar cewa za su yi na akwatin ne. Haladu ya sani sarai, amma ya ja bakinsa, tunda kowane yaro so yake ya gwada ko shi ma za a yi masa waƙa.

“Ke ki yi tunani,” in ji ta. “Wane gida ne ake daka tun hantsi har azahar, kullum, hutu guda? Geron yakan ƙare. Dusa take zubawa ta yi ta bugu, don ba a dakan turmi wayam.”

Na tambaye ta ko waƙar tana da kalmomi. Ta ce tana da su, amma sau ɗaya ta taɓa jin su a bakin mai ita. Ranar da kawun Baba ya zo ɗaukarsa yaye, Adda ba ta fito rakiya ba, kada a ce ta damu. Ta zuba gero a turmi, tana daka tana yi a hankali, Tasalla tana gefe tana riƙe da faifai. Inna ta gyara murya, ta rera mini da 'yar muryarta da ta tsufa:

Taka sannu, ɗan mutane,
Ƙasa da ƙaya, taka sannu.
Ban kira ka ba, ban ce zo ba,
Allah kai ka, Allah maido ka.

Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye ba. Da na share ido na tambaye ta abin da ya hana ta gaya wa Baba duk shekarun nan. Ta ce Adda ta hana ta tun tana da rai, bayan ta rasu kuma bai taɓa tambaya ba, ita kuwa ba ta san ta inda ake fara irin wannan magana da namiji mai gemu ba. Ta ce kunyar Adda ta zama tata. “Amma ku 'yan zamani da aka haifa ba kunya, in kin ga za ki iya, ga ki ga shi.”

A mota ina dawowa na yi ta juya abin. In na zaunar da Baba na faɗa masa da baki, na san shi, zai ce to, ya tashi ya shiga ɗaki, ba zan taɓa sanin ko ya yarda ba, ko ya ɗauka lallashinsa nake. Shi da aka ce masa ƙwaƙwalwarsa ce ta haɗa, ba magana yake buƙata ba. So nake ya ji abin da kunnensa, yadda ya ji shi a da, sannan ya ga inda yake fitowa.

Muka sake fasalin tsakiyar wasan. Aka aro turmi da taɓare biyu, a nan ne asirin 'yan matan Kazaure ya tonu, domin duk cikinmu ba wadda ta iya daka, injin niƙa ya lalata mu. Bahijja ce ta zama malama. Ta ce in taɓarya ta fi ƙarfina in koma rubutu, na ce sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Kafin mako ya zagayo tafin hannuna duk ya yi ƙulli, amma dakan ya fara zama daidai. Wanda ya fi shan wuya Musaddiƙ ne, da na ce masa a wannan fitowar ba fiyano ko kaɗan. Ya ce to shi me zai yi? Na ce ya naɗe hannu, ai ya yi magana isasshiya.

Ban yi wa Baba ƙarya ba. Na same shi na ce ban cire waƙar ba, kuma ina roƙonsa ya zo, Inna Tasalla ma za ta zo. Ya dube ni, ya ce wato na girma. Daga ranar ya daina kiran sunana daga bakin ƙofa. In yana son abu sai ya ce wa Mama a gaya wa yarinyar nan. Kwanaki kaɗan ne, amma na ɗanɗana abin da ya sha tun yana yaro, kuma ba daɗi. Sau biyu na kusa janyewa.

Ranar wasan, bayan la'asar, ɗakin taron ya cika har tagogi. Mama ce ta jawo Baba, ya zauna a layi na biyu tsakanin Baba Mamuda da Malam Sama'ilu, Inna Tasalla tana gabansu da sabon mayafi. Langa ta ba da dariya, musamman da wani ɗan wasa ya faɗo daga dandamali da ƙafarsa a hannu, ba ya cikin shiri. Darar tsofaffi ma ta karɓu. Sai aka shigo da tebur da talabijin na kwali, aka kafa zana a bayansa a matsayin bango, ni da Bahijja muna ɓoye a bayanta da turmi.

Yara suka yi ta karɓar hannun gem, ba sauti. Nuruddeen, wanda ya fito a yaron Kazaure, ya karɓa ya faɗi, aka yi masa ele. Ya sake karɓa. Na ɗaga taɓarya na sauke, dum, na fara da hanci. Daga cikin mutane na jiyo muryar Baba Mamuda yana cewa ita ce, wallahi ita ce. Nuruddeen yana tsalle a daidai bugun dakan, yara suna ihu ya haye, ya haye. Sai biyu daga cikinsu suka kama bakin zanar suka naɗe ta a hankali, har turmi ya bayyana, da ni a tsaye na juya wa yaron gefe, ba na kallonsa. Bahijja ta ɗaga ƙwaryar gero ta kife don a ga ba komai, ta zuba mini dusa. Na buɗe baki na rera kalmomin.

Ban iya duban layi na biyu ba sai da na kai ƙarshe. Da na duba, kujerar Baba ba kowa. Baba Mamuda ya rufe fuska da hularsa, Malam Sama'ilu yana kallon ƙasa. Sauran wasan, na gidajen ƙwallo da na waya, an ce ya yi kyau, an yi ta tafi, ni dai ban san yadda na ƙarasa shi ba. Na tabbata na tozarta mahaifina a gaban gari, na kuma tona asirin matar da ta rufe abinta har kabari. Inna Tasalla ta ce in bar shi, namiji ba ya son a ga idonsa.

Da safe ina shara na ji an ce, “Shahida.” Baba ne. Ya riga ya fito da babur, bai ko wanke shi ba. Ya durƙusa ya gaida Inna Tasalla da ta kwana a gidanmu, gaisuwa mai tsawo fiye da kullum, bai tambaye ta komai ba. Ya ce in ɗauko mayafina.

Muka hau babur har Babura. Baffa ya fito da murna zai kai mu ɗaki, Baba ya ce a fara kwashe buhunan da ke jikin bangon zaure. Ya tuɓe babbar riga ya kama da kansa, Baffa yana cewa Yaya bari a kira yara, bai saurare shi ba. Da bangon ya fito, ya tsaya yana duban wurin da tebur yake a da, sannan ya jawo wani buhu zuwa tsakiyar zauren, ya matsa da shi kaɗan hagu, ya ce a nan benci yake. Ya ce in zauna in fuskanci bango, kada in tashi.

Na ji takunsa ya shiga cikin gida, na ji ana matsar da kwanuka. Can sai tsumman da ke tagar ya motsa, ya ja baya, haske ya shigo. A lokacin ne na lura da abin da ban lura da shi ba a zuwana na farko. Talabijin ɗin baya ya ba tagar. Duk wanda ke tsaye a lungun nan ba zai taɓa ganin Ɗan Aike ba, ko ramukansa, ko gadarsa. Abu ɗaya ne tagar ke kallo, shi ne fuskar wanda ke zaune a inda nake.

Sai na ji muryarsa ta tagar.

“Shahida.”

“Na'am, Baba.”

“Ina ganinki sarai,” ya ce, muryarsa ba yadda na san ta ba. “Har ƙiftawar idonki ina gani.”

Ban motsa daga kan buhun ba. Jim kaɗan waƙar ta taso ta cikin tagar, da hanci, tana rawa, tana yankewa tana dawowa. Da ya zo layi na uku sai ya tsaya, ya ce in faɗa masa kalmomin, a hankali, yana son ya riƙe su.